Mako guda a Kep da ɗan guzuri: jagorar mai jakar goyo a gaɓar tekun Kambodiya

Wanda ya bi tsofaffin bayanan matafiya zai ji ana ta yabon Sihanoukville a matsayin garin bakin teku mai araha a Kambodiya, inda ake samun bukka a kan rairayi da 'yan daloli. Wannan zamanin ya wuce. Tun daga wajen 2016 masu zuba jari daga ƙasar Sin suka cika garin da gidajen caca da dogayen benaye, aka rushe yawancin ƙananan masaukan bakin ruwa, sannan a 2019 gwamnati ta haramta caca ta intanet, aka bar gine-gine birjik ba a ƙarasa ba. Yau mai ƙaramin guzuri wucewa kawai yake yi ta garin don ya hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Koh Rong. Wanda yake son zama a gaɓar teku cikin natsuwa ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba, Kep ya kamata ya nufa.

Kep ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar, kimanin kilomita 25 daga Kampot, ba nisa da iyakar Biyetnam. Turawan Faransa ne suka kafa shi a 1908 don shan iska, masu hannu da shuni na Phnom Penh, babban birnin ƙasar, suka gina gidajen hutu a shekarun 1950 da 1960, yaƙi da mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 suka mai da su kufai. Har yanzu ana ganin kangayen wasunsu cikin ciyayi. Abin da ya kamata a gane tun farko shi ne Kep ba shi da tsakiyar gari irin wadda muka saba, a warwatse yake a gindin dutse. Kasuwar kaguwa tana gefe guda, bakin ruwan wanka yana wani gefen, tashar kwale-kwale tana can gaba. Yawancin kuɗin da ke zurarewa daga hannun baƙo a nan, a zirga-zirga tsakanin waɗannan wurare uku yake tafiya.

Mataki na farko: takardu, kafin a sayi tikiti

Bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ce, kuɗinta dala 30, kuma ana nemanta ta shafin gwamnati na evisa.gov.kh. A kula da wannan adireshin, domin akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da shi da ke ninka kuɗin. Masu fasfon Najeriya da na Sudan sun daɗe suna cikin waɗanda ake tsananta wa sharuɗɗa, don haka kada mai irin wannan fasfo ya dogara da cewa zai karɓi biza a filin jirgi. A fara samun biza a hannu, sannan a biya kuɗin jirgi. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla, da shafin da ba a buga komai a kai ba.

Mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Akwai kuma takardar shiga ƙasa da ake cikewa a waya, Cambodia e-Arrival, cikin kwana 7 kafin sauka, kyauta ce. A buga takardar biza kwafi biyu, da shaidar masauki, da tikitin komawa, a sa su a jakar hannu. Jami'in shige da fice yakan yi wa baƙon da ya zo daga Afirka tambayoyi fiye da sauran, takarda a hannu ita ke gajarta maganar.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga ƙasashenmu, sai an ratsa ta Adis Ababa, Doha ko Dubai, sau da yawa kuma a sake tsayawa a Bankok ko Singafo. A sayi tikiti guda ɗaya tun daga gida har Phnom Penh. Wanda ya yanka shi gida biyu don neman sauƙi, zai tarar sai ya fita ya karɓi kayansa a Bankok, kuma fita na buƙatar bizar Tailan da ba shi da ita. Kada kuma a yi lissafin shiga ta ƙasa daga Tailan, domin faɗan kan iyaka da aka yi a 2025 ya sa aka rufe mashigan.

Gargaɗi ɗaya da ya zama wajibi: duk wanda ya ce zai biya maka jirgi zuwa Kambodiya don aikin kwamfuta mai albashi mai tsoka, ka guje shi. Akwai gidajen damfara ta intanet a sassan ƙasar, ciki har da Sihanoukville, inda ake ƙwace fasfon mutum a tsare shi, kuma 'yan Afirka da dama sun faɗa. A cikin ƙasar ma, kada ka bi wanda ka haɗu da shi a hanya zuwa wani wai "ofis".

Mataki na biyu: kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya

Ana cinikayya da dalar Amurka da kuma riyel na ƙasar a lokaci guda. A kasuwa ana lissafin dala 1 a kan riyel 4,000, shagunan canji kuma sukan ba da ɗan ƙari. Ba a amfani da sulalla, duk canjin da bai kai dala ba da takardun riyel ake ba da shi, don haka riyel 1,000 kwata ɗin dala ke nan. Wanda ya riƙe wannan lissafin a ka, ba za a ruɗe shi ba.

Matsalar da ta fi kama sabon zuwa ita ce tsufan takarda. Dala mai ɗan yagewa ko tambarin biro ko tabon mai, sau da yawa ba a karɓarta. Tun a wajen ɗan canji na gida a zaɓi sababbi fil, a ajiye su a miƙe cikin ambulan, kada a naɗe. Haka kuma duk dalar da aka ba ka canji, ka duba ta a gaban mai ba ka, in da yagewa ka mayar nan take. Riyel kuwa ko ya tsufa yana wucewa. Dabarar ita ce a canza dala 100 zuwa riyel a Phnom Penh ko Kampot, a yi ta ƙananan sayayya da shi, domin mai sayar da ruwan rake ba ta da canjin dala 20.

Akwai na'urorin cirar kuɗi a Kep, amma kowace cira da katin waje tana cin dala 4 zuwa 6, ban da abin da bankinka zai yanka, kuma katin naira ba abin dogaro ba ne a waje. Gara a zo da tsabar kuɗi, a raba su wuri biyu. Layin waya na Smart, Cellcard ko Metfone ana sayensa da fasfo, 'yan daloli kaɗan sun isa datar mako guda.

Mataki na uku: lokacin zuwa da hanyar isa

Rani daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, damina daga Mayu zuwa Oktoba. Disamba da Janairu sun fi daɗi, teku a kwance, iska da ɗan sanyi, sai dai kuɗin ɗaki ya fi tsada. Afrilu zafi ne mai ɗauke da gumi, wanda bai yi kama da busasshen zafin Kano ko Zinder ba, domin zufa ba ta bushewa a jiki. A damina ɗaki yana araha, ruwan yakan sauko da rana tsaka ko yamma ya ɗauke, amma kwale-kwalen tsibirin Koh Tonsay da ke kusa da Kep yana iya fasa tashi in igiyar ruwa ta yi ƙarfi.

Abin da ya fi wata muhimmanci shi ne ranar mako. Asabar da Lahadi mutanen Phnom Penh suke kwararowa da iyalansu, kaguwa ta yi tsada, ɗakuna su cika. A iso Litinin, a shirya abubuwan kashe kuɗi tsakanin Litinin da Alhamis. A kauce wa sabuwar shekarar Khmer, wato ta mutanen ƙasar, a tsakiyar Afrilu, da bikin Pchum Ben a wajen Satumba ko Oktoba, lokacin da motoci ke cika kuma farashi ke tashi.

Tun Satumban 2025 jirage a sabon filin jirgin Techo suke sauka, a kudu da Phnom Penh. A sauke manhajar PassApp ko Grab, da su ake kiran tuktuk, wato ɗan'uwan a-daidaita-sahu, kuma farashin yana fitowa a waya, babu gardama. Daga birnin zuwa Kep tafiyar awa 3 zuwa 4 ce a ƙaramar bas, kuɗin kujera kimanin dala 8 zuwa 12. Kafin a biya a tambaya ko motar tana shiga Kep ko Kampot take wucewa kai tsaye, domin wasu sukan sauke fasinja a mahaɗar da ke da gunkin farin doki, nesa da teku, daga nan kuma sai an sake biyan tuktuk. Jirgin ƙasa yana tashi daga Phnom Penh da sassafe ya bi ta Takeo da Kep da Kampot zuwa Sihanoukville. Tafiyarsa da daɗi, ana ratsa gonakin shinkafa, amma tashar Kep tana bayan gari sosai, a haɗa kuɗin tuktuk cikin lissafi.

Mataki na huɗu: inda za a kwana

Gado a ɗakin haɗaka yakan kama dala 5 zuwa 8, ɗaki mai fanka da banɗaki dala 10 zuwa 15, mai na'urar sanyaya ɗaki daga dala 20 zuwa sama. Mutum biyu da suka raba ɗakin fanka sun biya daidai da ɗakin haɗaka, kuma sun sami wurin alwala da salla ba tare da takura ba. Mace mai tafiya ita kaɗai ta nemi ɗakin mata zalla ko nata na kanta.

Kafin a kama, a buɗe taswira a auna nisan wurin da kasuwar kaguwa. Masaukan da ke kan gangaren dutse suna da kyan kallo kuma farashinsu a intanet yana ruɗi, amma duk fita cin abinci tuktuk ne na dala 2 ko 3, zuwa da dawowa sau biyu a rana ya cinye ragin da aka samu har da ƙari. Wanda ya kwana tsakanin kasuwa da bakin ruwan wanka, ƙafarsa ta ishe shi, tafiyar bai fi minti 20 zuwa 30 ba a titin da ya bi gefen teku.

A kama dare ɗaya kawai ta intanet, don shaidar filin jirgi da samun wurin sauka. Washegari a yi magana da mai gida ido da ido a kan sauran kwanakin, yawanci ana samun ragi tunda babu kamashon manhaja. A duba ragar taga ko gidan sauro, a kunna famfo a ga ƙarfin ruwa, a ɗaga zanen gado a duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo. A tuna wa mai masauki ya yi maka rajista a FPCS, tsarin gwamnati na rajistar baƙi, ana neman wannan in za a tsawaita biza. Wuta 230 ce kamar ta gida, amma soket ɗin ƙafa biyu ya fi yawa, a zo da mahaɗi.

Mataki na biyar: abinci, da yadda ake sayen kaguwa

Nan ne Musulmi zai buɗe ido. Naman alade ya ratsa girkin Khmer: karin kumallon da ya fi yawa shi ne bai sach chrouk, shinkafa da gasasshen alade, kuma romon taliyar kuy teav galibi da ƙashin alade ake dafa shi ko da an ɗora naman sa a kai. Sach chrouk shi ne naman alade, ot kuma a'a ne ko babu, don haka a haddace "ot sach chrouk". Sai dai faɗin hakan ba ya sauya romon da aka riga aka dafa tun asuba. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a tsaya kan abincin teku da aka gasa a gaban ido, da farar shinkafa, da ƙwai, da 'ya'yan itace.

Sa'ar da aka yi ita ce wannan yanki mazaunin Musulmin ƙabilar Cham ne, masunta tun kaka da kakanni. A hanyar Kampot zuwa Kep akwai ƙauyukansu da masallatai, kuma a kasuwar kaguwa za a ga mata masu lulluɓi suna sayar da kifi. Sallama kawai ta isa buɗe hira, su ne kuma za su nuna inda ake samun naman yanka da masallacin Juma'a. Shafi'awa ne, ana iya ganin ƙananan bambance-bambance a salla, ba abin damuwa ba ne. Wanda ya saba cewa "fuskantar gabas" ya kula: a Kambodiya alƙibla tana yamma, da ɗan karkata arewa. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 6. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da kaguwa, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 ko fiye a wuri ɗaya ya daina ƙasaru.

Kasuwar kaguwa, Psar Kdam a harshensu, ita ce zuciyar Kep. Ba a kan tebur ake ajiye kaguwar ba, tana cikin kejin gora a cikin teku. Idan mai saye ya tsaya, sai mace ta shiga ruwa har ƙugu ta jawo kejin zuwa bakin dakali, ta buɗe, ga su nan masu shuɗin ƙafafu suna motsi. A je da safe, kafin ƙarfe 9, ranar aiki. A fara zagayawa a ji farashin mutum uku: "tlai ponman" na nufin nawa ne, "tlai nas" ya yi tsada. Kilo yakan kama daga dala 8 zuwa 12 ko fiye gwargwadon girma da rana. A zaɓa da hannu: a ɗauki mai rai, mai nauyi, a danna ƙirjinta ta ƙasa da babban yatsa, in ya lotsa to ba ta daɗe da sake ɓawo ba, ruwa ne a ciki ba nama ba. A bar wadda ke ɗauke da dunƙulen ƙwai a cikinta, domin kaguwar wannan gaɓa tana raguwa, kuma abincin 'ya'yan waɗannan matan ne gobe. A sa a tsiyaye ruwan leda kafin a ɗora a sikeli.

Daga nan sai a kai wa masu dafawa a cikin kasuwar, su tafasa ko su soya da ɗanyen masoron Kampot a kan dala 1 ko 2. A tsaya a ga tukunyar, don a tabbata kaguwar da aka zaɓa ce ta dawo, kuma ba a haɗa ta da wani abu ba. Masoron nan kore ne, a jikin zangarniyarsa ake jefa shi, yana fashewa a baki da ƙamshi ba tare da zafin busasshe ba. Sunansa yana da kariyar doka a Kambodiya tun 2010, a Tarayyar Turai tun 2016. Rabin kilo da shinkafar riyel 1,000 ko 2,000 ya ƙosar da mutum ɗaya. Jerin gidajen abincin da ke kan ruwa a gefen kasuwa suna sayar da wannan girki a kan kusan ninki biyu, kuɗin kujera da kallon faɗuwar rana ake biya. Sauran ranaku, gasasshen kifi ko jatan lande a tsinke da shinkafa bai wuce dala 2 zuwa 3 ba. Kada a sha ruwan famfo, a sayi babbar gora a riƙa cikawa a masauki.

Mataki na shida: yadda za a raba kwanakin

Bakin ruwan Kep ɗan ƙarami ne, farin rairayinsa ma kawo shi aka yi daga wani wuri, ruwan kuma ba shi da zurfi. Mutanen ƙasar da riga da gajeren wando suke wanka, don haka mai son suturta jikinsa ba zai zama bare ba. Rumfunan da ke da ragar kwanciya na haya ne, a tambayi kuɗi kafin a zauna. A yi hankali da birai a gefen titi, suna fizge leda.

Gandun dajin Kep yana bayan gari, da hanyar da ta zagaye dutsen mai tsawon kimanin kilomita 8, tafiyar awa 2 zuwa 3, kuɗin shiga kusan dala 1. A fara da ƙarfe 7 na safe da ruwa lita 2. Daga sama ana hango tsibirin Phu Quoc na Biyetnam.

Koh Tonsay, tsibirin zomo, shi ne ya cancanci kwana. Kwale-kwale mai inji yana kai mutum cikin minti 20 zuwa 30. Kujera a na haɗaka kimanin dala 8 zuwa 10 ce zuwa da dawowa, shatar jirgi sukutum dala 25 zuwa 30, don haka mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne rashin bayyana ranar dawowa: tikitin yini ɗaya ba lalle ya yi aiki washegari ba, a sa a rubuta ranar a kan takardar, a ɗauki hoton lambar jirgin. Bukkokin can na katako ne, wutar janareto ce ta 'yan awanni da dare, babu wurin cirar kuɗi, abinci da ruwa sun fi na gari tsada. A tafi da tocila, da cajin waya, da riyel, da man korar sauro, domin akwai ƙananan ƙudajen rairayi da cizonsu ke ƙaiƙayi har mako guda. An fara manyan gine-gine a wani sashen tsibirin, a tambayi mai masauki a Kep waɗanne bukkoki ne ke aiki kafin a biya jirgi.

Rana ɗaya a yi hayar babur, dala 5 zuwa 7, a zagaya gonakin masoro, waɗanda yawancinsu ke nuna wa baƙo gona kyauta, da filayen gishiri da ake kwasa da rani, da kogon Phnom Chhngok mai ɗan ɗakin bautar bulo na ƙarni na 7 a cikinsa. Hannun dama ake tuƙi kamar gida. A ɗauki bidiyon babur ɗin ta ko'ina kafin a karɓa, a gwada birki biyu, a sa hular kwano, a ba da kwafin fasfo da ɗan kuɗin ajiya maimakon fasfon kansa. Jar ƙasar hanyoyin gona tana zama santsi bayan ruwa, kuma ƙunar salansa a ƙwauri tana saurin ruɓewa a wannan danshin. Wanda bai iya babur ba kada ya koya a nan, ya yi shatar tuktuk na yini a kan dala 20 zuwa 25 tare da wasu.

Lafiya da lissafin ƙarshe

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman safiya da la'asar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓɓai da ciwo a bayan ido, kada a ɗauka maleriyar gida ce a sha maganin da aka saba. A sha farasitamol kaɗai, a guji asfirin da ibuprofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, a je a yi gwaji. Asibitin Sonja Kill da ke kusa da Kampot shi ne mafi kusa da za a dogara da shi. Cizon kare ko yaƙushin biri, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a nemi allurar ciwon haukan kare a ranar, Cibiyar Pasteur a Phnom Penh tana yi. Lambar 'yan sanda 117 ce, ta motar asibiti 119.

Idan aka bi wannan tsari, ɗaki da abinci da ruwa da ɗan zirga-zirga suna tsayawa a dala 20 zuwa 25 a rana. A ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa, da tsibiri, da babur, da kaguwa sau biyu, mako guda zai kama dala 200 zuwa 230, ban da biza da jirgi. A ware wata dala 100 da ba za a taɓa ba sai ta-kwana. Ana tsawaita bizar yawon buɗe ido sau ɗaya na kwana 30 ta hannun ejan a Kampot ko Phnom Penh, a miƙa fasfo mako guda kafin ta ƙare, domin wuce wa'adi tarar dala 10 ce kowace rana. Ranar komawa kuma kada a haɗa ta da ranar tashin jirgin sama: a kwana a Phnom Penh, domin motar Kep takan makara, kuma kwale-kwalen tsibiri sai yadda teku ta wayi gari.